Tsamiya, Dabino da Barasa: Tarihin Miyar Gashi da Abin da Za Mu Gaya wa 'Ya'yanmu

Duk mahaifin da 'yarsa ke riƙe da wayar salula, da duk malamin da ke koyarwa a kwaleji, ya san cewa yanzu girki ma a waya ake koyon sa. Cikin abubuwan da ke yawo a YouTube da TikTok akwai wata miya mai kauri da Amurkawa ke shafa wa nama a kan wuta. Ana dafa 'ya'yan itace irin su mangwaro, abarba ko tuffa tare da tumatir, sukari da ruwan kal, sannan a tsiyaya barasa a ciki, galibi wiskin da suke kira burbon. Mai bidiyon yakan ce kada kowa ya damu, ai wuta za ta ƙone barasar. Iyaye da yawa a Tchaké, Mayahi da Tasawa ba za su ji wannan magana ba domin da Faransanci ko Ingilishi ake yin ta, amma yaransu sun ji, kuma wasu sun gaskata.

A ganina hani kaɗai ba ya wadatarwa. Yaron da aka ce wa "kul" ba a ba shi dalili ba, ranar da ya je Yamai ko Kano karatu zai bi dalilin wani. Abin da ya fi amfani shi ne ya san inda wannan miya ta fito, abin da ya kai barasa cikinta, da kuma abin da kakanninsa suka yi da nama da 'ya'yan itace tun kafin a san ta.

Asalin miyar a Amurka

Kalmar da suke kiran wannan gashi da ita, barbakiyu, ta fito ne daga harshen Taino, mutanen tsibiran Karibiyan da Sifaniyawa suka tarar bayan 1492. A wurinsu barbakowa wani gado ne na itace da ake ɗora nama ko kifi a kai, wuta na ƙasa. Ta yi kama da kalmarmu ta babbaka a kunne, amma babu dangantaka tsakaninsu. Daga baya wannan salon gashi ya kafu a kudancin Amurka, kuma a manyan gonaki bayi 'yan Afirka ne suke haƙa ramin, su kwana suna juya naman. Abin da ake shafawa a wancan zamani ba shi da yawa: ruwan kal, man shanu, gishiri da barkono.

Tumatir da sukari sun shigo daga baya. Kamfanin Heinz ya fara sayar da markaɗaɗɗen tumatir na kwalba a 1876, ya kuma fitar da miyar gashi ta kwalba a 1940. A birnin Kansas, inda miya mai zaƙi da kauri ta yi suna, wani baƙar fata mai suna Henry Perry ne ake ɗauka uban sana'ar, tun farkon ƙarni na 20.

Ita kuwa barasa tana da nata tarihin. Manoman da suka zauna nesa da kasuwa a yammacin Amurka ta lokacin sun ga cewa ɗaukar masara a kan doki zuwa gari asara ce, sai suka riƙa mayar da ita wiski, wanda ba ya lalacewa kuma ba shi da nauyi. Da gwamnati ta sa masa haraji a 1791, sai da manoman suka yi bore a 1794. Har yau dokar Amurka ta ce ba a kiran wiski burbon sai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsinsa masara ce, kuma an ajiye shi cikin sabuwar gangar itace da aka babbaka cikinta. Daga wannan ganga yake samun zaƙi da ƙamshin hayaƙi, kuma su ne mai girki yake nema idan ya zuba shi a miya. Ita ma barasar rake da ake kira rom ta fito ne daga gonakin rake na Karibiyan, kuma a ƙarni na 18 jiragen 'yan kasuwar Amurka sun riƙa kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musayar ta da mutane. Ya kamata ɗan makaranta ya san wannan kafin ya ɗauke ta a matsayin kayan ƙamshi kawai.

Mu kuma a nan

Matsalar mahaucin ƙasar Hausa daban ce da ta manomin Amurka. Shi rana yake da ita da iska busasshiya, kuma abokin cinikinsa matafiyi ne da ke son guzurin da zai yi makonni a jaka. Saboda haka hikimarsa ta tafi wajen busarwa. Tsire da balangu yaji ake barbaɗa musu. Kilishi kuwa, wanda Tasawa ta yi suna da shi a faɗin Nijar, ana feɗe nama ne fale-fale kamar takarda, a shanya, a tsoma cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa wuta. Akwai ja, akwai fari, akwai kuma rumuzu wanda ba a tsoma shi cikin labu. Darajar wannan sana'a ta kai har hukumar OAPI mai kare haƙƙin fasaha, wadda ke da mazauni a Yawunde, ta yi rajistar sunan kilishin Nijar, kamar yadda ta yi wa albasar Galmi.

Idan malami ya zazzage ƙullin yaji a kan tebur a gaban ɗalibai, ya samu darasin tarihin duniya. Kimba, masoro da citta mai 'ya'ya daga dazuzzukan kurmi fatake suke kawo su. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya ta yau, sunansa ma daga Larabci muka aro shi, kuma a ƙarni na 19 Zanzibar ta zama babbar mai noman sa. Barkono, ko tonka kamar yadda muke cewa a nan, da gyaɗa da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekara ta 1500, ta hannun Turawan Fotugal. Ke nan ƙuli-ƙulin da muke ganin babu abin da ya fi shi zama namu, shi ma baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Gyaɗa ta ƙara yawa a hannun mata bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, da kuma lokacin da Faransawa suka mayar da ita amfanin sayarwa a yankin Maraɗi, har aka kafa kamfanin SONARA a 1962.

Gishiri da dabino kuma raƙumi ɗaya ne ke kawo su. Ayarin Abzinawa yakan kai gero Bilma da Fachi, ya dawo da kantun gishiri da dabinon Kawar. Cikin irin wannan ayari ne Bajamushe Heinrich Barth ya gangaro daga Abzin, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851 kafin ya wuce Katsina da Kano.

To ina 'ya'yan itace? Mu ba a kan nama muka fi sa su ba, a ƙwarya da tukunya muka sa su. Tsamiya ta kunu ce, musamman da azumi. Magarya ana daka ta a yi akuri. Garin kwalba kuka yana shiga kunu da nono. Aduwa da kanya na yara ne da makiyaya. Goriba, wadda ta cika kwarin Gulbin Kaba a yankin Mayahi, ana gaigayar 'ya'yanta, ana saƙa tabarma da igiya da kabarta. Yakuwa tana tsamar da miya, 'ya'yanta kuma su zama daddawar batso a inda ɗorawa ba ta da yawa. Duk abin da miyar Amurka ke nema, wato tsami, zaƙi, yaji da ɗanɗano mai zurfi, yana cikin kasuwar ƙauyenmu.

Turawa ma sun san haka. Tsamiya asalinta Afirka ce, duk da sunan da suke kiran ta da shi ya fito daga Larabci da ma'anar dabinon Indiya. Miyar kwalba ta Lea & Perrins da aka fara sayarwa a Ingila a 1837, wadda Amurkawa ke ɗigawa cikin miyar gashinsu har yau, akwai tsamiya a cikinta. Wata kuma mai suna HP tana ɗauke da tsamiya da dabino.

Barasa a tarihinmu

Gaskiya ce kafin Musulunci ya game ƙauyuka, Anna na ƙasar Maraɗi suna dafa giyar hatsi don bukukuwansu, kuma bai kamata mu ɓoye wa yara wannan ba. Amma barasar kwalba mai ƙarfi ta teku ta biyo. Su kansu Turawan sun ga ɓarnarta, shi ya sa yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da ita yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, aka kuma sabunta hanin a 1919. Arewacin Najeriya na cikin inda aka haramta sayar wa 'yan ƙasa ita a zamanin Lugga. Don haka ba ta taɓa samun gurbi a tukubar mai tsire ko a madafin uwar gida ba.

Saura batun cewa wuta na ƙone ta. Masu bincike a Amurka sun gwada wannan, kuma ma'aikatar noma ta ƙasar ta wallafa alƙaluman. Idan aka zuba barasa a abinci aka bar shi yana tafasa minti 15, kusan kashi 40 cikin ɗari na nan. Bayan awa ɗaya saura kashi 25. Ko bayan awa biyu da rabi akwai kusan kashi 5. Miyar gashi kuwa ba kasafai take wuce rabin awa a wuta ba. Hukuncin addini na malamai ne, amma kafin a kai musu tambaya ya kamata a kai musu gaskiyar abin: barasar ba ta tafi ba.

Abin da nake ba da shawara

Ba na cikin masu cewa a rufe wa yara ido daga girkin wasu ƙasashe. Da kakanninmu sun yi haka, da babu barkono a yajinmu. Sun karɓi abin da ya dace da su, sun bar saura. Haka ya kamata mu koya wa yara. Uwar da 'yarta ta nuna mata irin wannan bidiyo tana iya cewa, "Zo mu yi tamu." A jiƙa tsamiya cikin tafin hannu a ruwan zafi kofi biyu, a tace. A cire ƙwallon dabino kamar guda goma, a jiƙa, a daka. A soya albasa biyu cikin man gyaɗa a hankali har ta yi ja, a zuba markaɗaɗɗen tumatir da tattasai, sai tsamiya da dabinon, da citta, kanumfari kaɗan, barkono, gishiri da ɗan daddawa. A bar ta a ƙaramar wuta har ta kama cokali. Lokacin mangwaro ana iya rage dabino a sa shi. Ba a shafa ta sai nama ya kusa nuna, domin abu mai zaƙi saurin ƙonewa gare shi. Ƙamshin hayaƙin da Ba'amurke ke nema a ganga, mu garwashi ne ke ba mu shi. Tunda ba busasshiya ba ce kamar yaji, inda babu firji a yi daidai cin yini guda.

Ga malamai kuma, akwai aikin da bai buƙatar kuɗi. A tura kowane ɗalibi wurin kakarsa ya rubuto sunayen itatuwan da ake ci a garinsu, lokacin nunar kowanne, da abin da ake yi da shi. A gayyaci Sarkin Fawa ko wani dattijon mai kilishi ya zo aji ya yi bayani. A sa yara su nemo Maluku, Zanzibar, Bilma da Galmi a taswira. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an san inda aka ajiye ta.

Wannan sani yana tafiya ne tare da itatuwan. Farin 1973 da na 1984 sun kashe da yawa, gatari ya ƙarasa wasu. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu suna sassabe shi, aikin da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa, har aka ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar. Magaryar da uba ya bari a gonarsa a Tchaké bana, jikansa ne zai ci akurinta. Sai dai in jikan bai san sunanta ba, bai san amfaninta ba, shi ne zai fara sare ta. Aikinmu ne mu iyaye da malamai mu gabatar da su ga juna tun yanzu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke ci.