Masana'anta Mai Ƙafa Da Yawa: Darasi Daga Tarihin Kano

Mu da muka yi aikin koyarwa a shekarun 1980 ba za mu manta da yadda samarin Birnin Kudu da na Gwaram suke kwarara zuwa Kano neman aiki ba. A lokacin, Bompai da Sharaɗa da Challawa cike suke da masana'antu, kuma wanda ya sami gurbi a masaƙa ana ganin ya kama dahir.

A shekarar 1986 gwamnatin Janar Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu da aka sani da SAP. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da ake shigowa da su suka yi tsada. Daga baya ƙarancin wutar lantarki da atamfar waje mai araha suka ƙarasa abin da ya rage. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, masaƙun Kano su ma ba su tsira ba. Yawancinsu abu ɗaya suke yi, kasuwa ɗaya suke kaiwa. Da ta mutu sai suka mutu tare da ita.

To, su wa suka tsira? Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya kammala Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a 1978. Ya fito daga zuriyar Alhassan Ɗantata, attajirin da ya haɗa fataucin goro da cinikin gyaɗa har rasuwarsa a 1955. Ɗangote ya fara da sayo kaya yana sayarwa, sannan ya koma sarrafa su da kansa: sukari a Apapa, gishiri, fulawa, taliya, da siminti a Obajana.

Kada a ɗauka duk abin da ya taɓa ya yi albarka. Shi ma ya shiga harkar masaƙa, ya yi asara, ya fita. Kamfanin tumatir na Kadawa da ya buɗe a 2016 ya tsaya cikin 'yan watanni, bayan tsutsa ta cinye gonakin tumatir. A wannan shekarar ce kuma tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe sakamakon faɗuwar farashin man fetur. Amma rukunin kamfanoninsa bai faɗi ba, domin ko ana cikin matsi ba a daina shan koko da sukari ba, miya kuma ba ta yiwuwa sai da gishiri. Simintinsa ma ba a Najeriya kaɗai ake sayar da shi ba. Yana da masana'antu a Habasha da Senegal da Zambiya. Da lokaci ya yi, ya sayar da kamfanin fulawa ga Olam a 2019. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu ba su taɓa shuka gero shi kaɗai ba. Sukan sa wake a tsakaninsa, gyaɗa ko riɗi a wata gonar, ga 'yan awaki a bayan gida. In damina ta yi gardama, ba a rasa abin kaiwa kasuwar Sara.

Don haka muke kira ga 'yan'uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas: duk jarin da za mu kawo gida, kada mu ɗora shi a kan sana'a guda. Injin casar shinkafa ya tafi tare da na matsar man gyaɗa da na gyaran riɗi, domin in wannan ya tsaya wancan ya riƙe ma'aikata. Mu zaɓi abin da talaka ke saye kullum, kuma kada kunya ta hana mu rufe abin da ya ƙi ci. Yaran da suka dawo daga Bompai hannu rabbana 'ya'yanmu ne, bai kamata jikokinmu su maimaita wannan tafiya ba.

Allah Ya albarkaci garuruwanmu, Ya sa mu gama lafiya, amin.