Kare kwamfuta da adana bayanai: yadda manyan kamfanoni ke gasa a kasuwa ɗaya

Duk wanda ya taɓa saka kile USB a kwamfutar wani biro ko ta mai shagon buga takardu, ya dawo gida ya tarar fayilolinsa sun ɓace, ya san amfanin abubuwa biyu: manhajar da ke tare ƙwayar cutar kwamfuta, wato antibirus, da manhajar da ke ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban. A da, sana'o'i biyu ne, kowace da kamfanoninta. Shekaru 20 ke nan ana ƙoƙarin haɗa su a hannu ɗaya.

Babban gwaji na farko shi ne na Symantec, kamfanin Amurka mai antibirus ɗin Norton. A watan Disamba na 2004 ya sanar da sayen Veritas, wanda ya yi suna da manhajojin adana bayanai kamar NetBackup, a kan dala miliyar 13 da rabi. Hujjar shugabansa na lokacin, John Thompson, ita ce banki ko ma'aikatar gwamnati za su fi son su sayi kariya da ajiya daga wuri guda. A aikace abin bai zo da sauƙi ba, domin a cikin manyan kamfanoni mai kula da tsaro daban, mai kula da ajiya daban, kowa kuma da kasafinsa. A 2014 Symantec ya ce zai rabu gida biyu, a farkon 2016 kuma ya sayar da Veritas ga masu zuba jari ƙarƙashin Carlyle a kan miliyar 7,4, wato kusan rabin abin da ya biya.

Abokan gasarsa ma sun bi irin wannan hanya. EMC, babban mai ƙera na'urorin ajiya, ya sayi kamfanin tsaro na RSA a 2006, kafin Dell ya haɗiye shi a 2016 a kan miliyar 67. Intel ya sayi McAfee a 2010 a kan miliyar 7,68, ya kuma saki kaso mafi yawa a 2017.

Amma wanda ya fi girgiza kasuwar antibirus shi ne Microsoft. Tun daga Windows 8, a 2012, kwamfuta na zuwa da Defender a cikinta kyauta. Mai sayar da ruwa ne ya wayi gari an kafa famfo a kowane gida. Kaspersky na Rasha ya kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai a 2017, yana zargin Microsoft da danne abokan gasa, sannan ya janye bayan Microsoft ya yarda ya yi gyara. Daga baya siyasa ta yi wa Kaspersky illar da gasa ba ta yi masa ba: Amurka ta hana ma'aikatunta amfani da shi a 2017, ta haramta sayar da shi a ƙasar a 2024.

Shi kuwa Symantec, ya sayar wa Broadcom ɓangarensa na manyan kamfanoni, har da sunan, a 2019 a kan miliyar 10,7. Abin da ya rage ya zama NortonLifeLock, ya haɗe da Avast na ƙasar Cek a 2022, ya koma Gen Digital. Ke nan Norton, Avast, AVG da Avira, waɗanda mai saye ke ɗauka kishiyoyi ne, duk ƴan gida ɗaya ne yanzu.

Wannan ya shafi masu amfani da antibirus na kyauta, waɗanda ke da yawa a Maraɗi, Damagaram ko Yamai. Kamfanin da bai karɓi kuɗi ba yakan nemi riba ta wata ƙofa. A 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16 da rabi saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta, ta hannun reshensa Jumpshot da ya rufe a 2020.

Abin mamaki, ɓarayin intanet ne suka farfaɗo da tunanin Thompson. Akwai ƙwayar cutar da ke kulle bayanai sai an biya fansa, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayu na 2017, ta dagula aikin asibitocin Ingila. Babbar mafita idan ta shiga ita ce kwafin da aka ajiye a gefe, shi ya sa ɓarayin suke fara neman kwafin su lalata. Don haka kamfanonin ajiya kamar Veeam, Rubrik da Cohesity suke tallar kansu a matsayin kamfanonin tsaro. A Disamba na 2024 Cohesity ya kammala sayen ɓangaren Veritas mai NetBackup.

Taruwar kasuwa a hannun ƙalilan ma na da nata haɗari. Ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi masu aiki da Windows. An soke dubban tashin jiragen sama, bankuna da asibitoci suka tsaya cik, ba tare da wani ɓarawo ya taɓa su ba.