NANA ASMA'U ƊIYAR SHEHU: RAYUWARTA DA ABIN DA TA BAR MANA

Cikin wannan fitowa ta takardar ƙungiyarmu, shafin tarihi zai yi magana bisa wata mace, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Dalili shi ne, duk lokacin da anka zo ɗaukar yara lakwal, akwai maganar da muke ji bakin waɗansu iyaye: wai karatun ɗiya mace abin Nasara ne, kakanninmu ba su san shi ba. To bari mu duba ko tarihi ya yarda da wagga magana.

Da farko, wagga baiwar Allah ba baƙuwa ba ce gare mu. An haifi mahaifinta cikin 1754 a Maratta, kusa da Galmi, nan cikin ƙasarmu. Babban malaminsa kuma, Malam Jibrilu ɗan Umaru, mutumin Adar ne. Wancan zamani babu iyaka tsakanin Ƙonni da Sakkwato. Faransa da Ingila ne sunka ja ta daga baya, shekaru da dama bayan rasuwar Asma'u. Ko yau, daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba.

An haife ta a Degel cikin 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai sauran matan Shehu sunka raine ta. Gidan gida ne na karatu, maza da mata. Shehu da kansa, cikin littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke koyar da almajirai waje su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Asma'u ta hardace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci.

Tana da shekara wajen 11 anka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, cikin 1804. Cikin wannan shekara anka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto da Yunfa sarkin Gobir, cikinta kuma rundunar jama'ar Shehu ta ci Matankari da Ƙonni. Ba mu ɓoye wannan ba, don mun san dattawanmu suna da nasu labari game da waɗannan yaƙe-yaƙe, kuma ba kowane gida ke tuna su da daɗi ba. Ita ma yarinyar ta ga yunwa da ƙaura da mutuwar dangi, har zuwa faɗuwar Alƙalawa cikin 1808 da kafa Sakkwato cikin 1809. Duk cikin wannan tashin hankali ba a aje allo ba, littattafai kuma ana ɗauke da su duk inda anka sauka.

An yi mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Shi ne ya saukar da Baturen Ingila Kilafaton lokacin da ya zo Sakkwato cikin 1824. Ta haifa masa ɗiya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji sarautar waziri. Ke nan mace ce mai miji, mai ɗiya, mai babban gida da baƙi ba su yankewa. Amma aure bai raba ta da alƙalami ba. Bayan rasuwar Shehu cikin 1817, ita da mijinta sun yi ɗawainiyar tattara rubuce-rubucensa da adana su.

Cikin 1820, tana da shekara 27, ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci. Daga nan ba ta tsaya ba. Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya haura 60, mafi yawansu waƙoƙi. Abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe. In da malamai take magana, sai ta yi Larabci. In da danginta ne, Fulatanci. In kuwa talakawa take nufi, musamman matan ƙauye, sai ta yi Hausa da rubutun ajami. Ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa. Waƙa ce mai gargaɗi ga masu mulki da masu cin haƙƙin mutane. Ta tsara wata waƙa mai jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114, don mai koyo ya riƙe su cikin sauƙi. Ta yi wata bisa mata salihai na zamanin da, don matan zamaninta su san suna da magabata. Ta kuma rubuta tarihin ƙaurace-ƙauracen Shehu cikin waƙar da Hausawa sunka sani da sunan Waƙar Gewaye.

Akwai kuma waƙoƙinta na ta'aziyya. Ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a Wurno cikin 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Ba manya kaɗai ba: ta yi wa wata maƙwabciyarta, ta yi wa ɗaya daga cikin matan da ke kawo mata ɗalibai. Abin da take yabo gare su shi ne haƙuri, da riƙon zumunci, da sulhunta mutane.

Amma babban aikinta shi ne na Ƴan Taru. Yaƙi ya bar mata masu yawa cikin ƙauyuka da ribaɗai, waɗansu kamammu, waɗansu zawarawa, mafi yawa ba su san komi na karatu ba, bori ne mafakarsu in ciwo ko baƙin ciki ya zo. Asma'u ba ta iya zagaya ƙauyuka duka, matan aure kuma ba su iya barin gidajensu. Sai ta yi dabara. Cikin kowane gari ta zaɓi dattijuwa mai hankali wadda mutane ke girmamawa, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfar nan kuwa irin wadda Innar Gobir, shugabar ƴan bori, ke sawa ce. Ta ɗauki abin da mata sunka saba gani da girma, ta ba shi sabuwar ma'ana. Jaji ita ke jagorancin ƴan mata ƙanana da tsofaffin mata, su taka da ƙafa har gidan Asma'u. Can su koyi waƙoƙi su hardace, su koma gida su koya wa matan aure. Ta haka karatu ya shiga gidan da malami namiji ba ya shiga, mace na daka ko kaɗi tana rera darasinta. Abin da sunka kawo na sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu, ana rabawa ga mabukata.

Mu da ke aikin koyarwa mun ga hikima uku cikin wannan tsari. Ta koyar da mutane da harshen da suke ji. Ta horar da masu koyarwa daga cikin mutanen garin kansu. Kuma ba ta ce wa kowa ya yi tsufa da karatu ba. In gemu ba ya hana ilimi, furfurar tsohuwa ma ba ta hana shi. Ita kanta tana rubutu har cikin 1861, tana kusa da shekara 70. Ta rasu cikin 1864, anka yi mata kabari kusa da na mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin Ƴan Taru.

Takardunta sun tsira don zuriyarta ta riƙe su da kyau, musamman Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya rasu cikin 1997. Daga gare shi wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta samu taimako har ta buga tarihin Asma'u cikin 1989. Cikin 1997 kuma, ita da Beverly Mack ta Amurka sunka buga ayyukanta a haɗe. Yanzu ana karanta ta cikin jami'o'in ƙasashen waje, alhali nan kusa da mahaifar ubanta yara da yawa ba su taɓa jin sunanta ba.

Wani zai ce, ai karatun addini ta koyar, ba na lakwal ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar makarantar allo ba. Amma tushen gardamar shi ne ko ya dace mace ta yi ilimi, ta riƙe alƙalami, ta koyar. Wannan kuwa an ba da amsarsa tun kafin Bature ya taka ƙasar Ƙonni. Ɗiyar da ta iya karatu ita za ta duba takardar likita, ta riƙe lissafin albasar da anka sayar, ta karanta saƙon mijinta da ke ci-rani ba tare da asirin gida ya fita waje ba.

Don haka muna roƙon iyayenmu su bar ɗiya mata su kai ƙarshen karatunsu kafin a yi maganar aure. Muna roƙon ƴan'uwa na ci-rani, in za su aiko da kuɗin hatsi, su tuna da littafi da alƙalamin ƙannensu mata. Iyayenmu mata kuma, ajin yaƙi da jahilci naku ne, babu kunya cikinsa. In akwai tsohuwar da ta hardace wata waƙa ta Nana Asma'u, ko gidan da ke da tsohuwar takardar ajami, a sanar da shugabannin ƙungiya don a rubuta a adana.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da magabatanmu baki ɗaya, ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Amin.