Yarjejeniya da Kuɗin Tara a Wasannin Kwalejin Amurka: Nazarin Kakar Cumberland ta 1916

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kakar 1916 ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Kwalejin Cumberland da ke garin Lebanon a jihar Tenesi, musamman wasan da Georgia Tech ta lallasa ta da maki 222 da nema. Hujjar maƙalar ita ce tushen wannan kashi yana cikin takardar yarjejeniya da aka sa wa hannu tun kafin a shiga fili.

Gabatarwa

Cumberland ba baƙuwa ba ce a wasan. A 1903 ta yi kunnen doki, 11 da 11, da Clemson a birnin Montgomery, a wasan da aka ɗauka na neman zakaran kudancin Amurka. Mai horas da Clemson a ranar shi ne John Heisman, mutumin da zai jagoranci Georgia Tech a wasan 1916, bayan shekara goma sha uku. Amma kafin kakar 1916 ta kama, hukumar Cumberland ta riga ta rufe sashen ƙwallon ƙafa. Ba koci na dindindin, ba 'yan wasan da suka saba atisaye tare.

Yarjejeniyar

Abin da ya rage a hannun makarantar shi ne alkawarin wasa da Georgia Tech da aka ɗauka a baya. Georgia Tech ta ƙi yarda a soke wasan, ta tsaya kan cewa in Cumberland ba ta zo ba za ta biya tarar dala 3,000, in kuwa ta zo za a ba ta dala 500. Ga ƙaramar makaranta da ta rufe wasa, wannan tara ba abin ɗauka ba ce. Sai ɗalibi George Allen, manajan ƙungiyar besbol, ya tattaro abokansa, suka hau jirgin ƙasa zuwa Atlanta. A wannan kaka ce kuma Sewanee ta ci su 107 da nema, abin da ke nuna cewa raunin bai tsaya kan abokin karawa ɗaya ba.

Dalilai biyu ake yawan kawowa kan tsananin Heisman. Na farko ramuwa: Cumberland ta taɓa cin ƙungiyar besbol ta Tech, wadda shi ma yake horaswa, 22 da nema, ana kuma zargin ta sako 'yan wasan haya. Na biyu, Heisman ya daɗe yana ƙorafin yadda 'yan jarida ke auna ƙarfin ƙungiya da jimillar makin da ta tara a kaka, yana so ya nuna musu cewa ma'aunin banza ne. A ganina dalili na biyu ya fi nauyi ga mai nazari, domin ya taɓa tsarin da kowace makaranta ke rayuwa a ƙarƙashinsa. Muddin yawan maki ne ke jawo suna, babbar ƙungiya tana da riba a neman raunana, raunanan kuma suna bukatar kuɗin da za a ba su.

Wasan

An buga shi ranar 7 ga Oktoba 1916 a filin Grant. A zangon farko Tech ta ci 63, aka tafi hutun rabin lokaci tana da 126. An rage tsawon zangunan biyu na ƙarshe daga minti 15 zuwa 12, duk da haka ta ƙara 96. Sau 32 ta kai ƙwallo bayan layin ƙarshe, kowanne maki 6, bugun ƙari ya shiga sau 30. Ba ta jefa ƙwallo gaba ko sau ɗaya ba.

Waɗannan alƙaluma ba su auna komai game da iya wasa. Samari ne da ba su da horo aka tura gaban ƙungiyar da za ta zama zakaran ƙasa a 1917, a wasan da ake karo da jiki, shekara goma sha ɗaya kacal bayan mace-macen 'yan ƙwallo na 1905 da suka sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i Fadar White House. Gyaran da ya biyo baya ya shafi dokokin cikin fili, bai hana makaranta tilasta wa wata cika alkawarin wasa ba ko da ba ta da ƙungiya. Lafiyar ɗaliban Cumberland aka sa jingina don makarantarsu ta tsira daga tarar dala 3,000.