TARIHIN BANDIRI DA NASIHA GA MAI FARA KIƊA SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, kowace shekara idan Maukibi ya gabato a watan Rabi'us Sani, mukan ga samari suna neman bandirin da za su saya, da yawansu ba su san asalinsa ba, balle abin da ake dubawa a jikinsa. Wanda kuwa bai san mafarin abu ba, da wuya ya ba shi haƙƙinsa.

Asalin bandiri shi ne duffi, wanda aka sani a Madina tun zamanin Manzon Allah (SAW), kamar yadda ya tabbata a hadisan Idi da na aure. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u a kan sama'i da ladubbansa, ya kuma lissafa duffi cikin abin da ya halatta. Sunan "bandir" kuwa mutanen Magrib ne suka fi saninsa da shi. A can ya shahara a zawiyar Shehu Abdussalam Al-Asmar na garin Zilitan a ƙasar Libiya, wanda ya rayu a ƙarni na 10 na Hijira. Ta hanyar ayarin Sahara, tare da Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a birnin Kano, bandiri ya iso gare mu. Daga bisani Maulana Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, Allah Ya ƙara masa yarda, ya fito da shi fili a majalisan zikiri, ya tsaya a kansa da hujja a lokacin da masu inkari suka yi yawa.

Magabata ba su nemi ado a bandiri ba. Katako ne kewayayye da fatar akuya a fuska ɗaya. Na Magrib akan shimfiɗa masa tsarkiya a bayan fatar don ya riƙa zuga. To, mai farawa ya duba abu huɗu. Na farko nauyi: ya ɗauki wanda hannunsa zai iya riƙewa tsawon majalisi, ba babba don a gan shi ba. Na biyu katako: ya zama busasshe, ba tsagewa, ba karkata, domin karkataccen katako ba ya riƙe fata. Na uku fata: ya ɗaga ta ga haske, in ya ga huda ko wurin da ya fi sauran sirantaka, ya ajiye. Na huɗu murya: tsakiya ta ba da amo mai zurfi, gefe ya ba da mai kaifi.

Ya kuma sani cewa fata tana bin yanayi. Da damina takan saki, sai an ɗan nuna ta ga wuta ko rana. Da hunturu takan ɗaure har ta fashe in an yi sakaci. Na roba da ake samu yanzu bai damu da yanayi ba, sai dai amonsa yakan yi tsauri, ya danne muryar masu zikiri.

Nan ne fa babbar magana. A shekarun 1990 an ga wasu sun ɗora bege a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya, har kiɗa ya zama gaba, ambato ya koma baya. Bandiri hadimin zikiri ne, aikinsa daidaita numfashin jama'a a kan kalmar Tauhidi. Saboda haka kafin ka je kasuwa, ka fara zama a halƙa, ka saurari manya, ka nemi iznin muƙaddaminka, in da hali ya zaɓa maka da hannunsa.

Allah Ya amfane mu da albarkar Sidi Abdulƙadir Jilani, Ya maimaita mana, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.