Irƙusus da Ƙanjamau: Daga Ina Maganar Ta Samo Asali?

Yau zan ba ku tarihin saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙusus, wadda Misirawa ke jiƙawa su sha da azumi. Wasu na tallata ta a matsayin maganin ƙanjamau.

Maganar tana da tushe. A cikin saiwar akwai sinadarin gilisirizin, wanda likitocin Japan suka daɗe suna yi wa masu ciwon hanta allurarsa. A 1979 masu bincike a Italiya suka nuna yana hana wasu ƙwayoyin bairos yaɗuwa. A 1987 kuma masana daga Japan da Beljiyam suka gano yana taka wa HIV birki. Amma fa a ina? A ɗakin gwaji, cikin kwalba. Gwajin da aka yi kan mutane ƙanana ne, ba su kai a amince da shi ba.

A shekarar dai Amurka ta amince da maganin AZT. Daga 1996 haɗa magunguna uku ya fara ceto rayuka, irƙusus kuwa ya tsaya inda yake.

Yawan shansa ma yana hawar da jini, yana rage fotasiyam, har ya taɓa zuciya. Don haka ina roƙonku, duk mai karɓar magani a asibiti kada ya ajiye shi saboda wani jiƙo. Ku isar wa 'yan uwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.