Koguna da Ɓeraye: Sake Duban Rarrabuwar Ƙwayar Zazzaɓin Lassa a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala tana ƙalubalantar ra'ayin da ke cewa sabon nau'in ƙwayar cuta ne ya haddasa ƙaruwar zazzaɓin Lassa tun daga 2018. Jerin ƙwayoyin halittar da aka karanta sun nuna tsoffin rassa ne, kowanne zaune a yankinsa, kuma ɓera ne ke riƙe da su.

Gabatarwa

An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, ba a jima ba kuma aka gane cewa ɓeran Mastomys natalensis, mai nonuwa da yawa, shi ne ma'ajiyarta. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya (NCDC) ta tabbatar da kamuwar mutum 633, 171 daga cikinsu suka rasu. Nan take zance ya bazu cewa ƙwayar ta rikiɗa, ta koyi saurin tsallakawa daga mutum zuwa mutum kamar Ebola. Har yau ana jin wannan magana a bakin ma'aikatan lafiya, kuma tana karkatar da kuɗin rigakafi zuwa inda bai kamata ba.

Bitar ayyukan da suka gabata

Bowen da abokan aikinsa (2000) sun kasa ƙwayar gida huɗu: rassa uku a Nijeriya, na huɗu a Gini da Laberiya da Saliyo. Andersen da abokansa (2015) sun ƙiyasta cewa tushenta yana Nijeriya fiye da shekara dubu, daga nan ta yi yamma. Masu ra'ayin sabon nau'i kuwa, dogaronsu yawan majinyata ne kawai. Yawan majinyata ba ya nuna rikiɗar ƙwaya, musamman a lokacin da ɗakunan gwaji suka ƙaru, likitoci kuma suka fara zargin Lassa a zazzaɓin da a da za su kira maleriya ko taifod.

Hanyar bincike

An sake nazarin sakamakon Siddle (2018) da Kafetzopoulou (2019) da Ehichioya (2019), aka ɗora rassan da suka bayyana a kan taswirar koguna da manyan hanyoyin mota.

Sakamako da tattaunawa

Ƙwayoyin 2018 ba su fito daga tsatso ɗaya na kusa ba. Da a ce mutum ke ba mutum, da sun yi kama da juna kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya, yadda aka gani a Ebolar 2014. Abin da aka samu shi ne kusan kowane majinyaci da tasa ƙwayar, alamar kowa daga ɓeran gidansu ya ɗauko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne iyakokin rassan. Reshe na biyu yana kudu, na uku yana arewacin kogunan Neja da Binuwai, wato Filato da Nasarawa da Bauci. A cikin reshe na biyu ma, ƙwayoyin Edo da Ondo a yammacin kogin Neja sun bambanta da na Ebonyi a gabas. A dubi gadar Lokoja da ta Makurɗi: dare da rana tireloli ne ɗauke da shanu da albasa suna gangarawa, suna dawowa da goro da manja, ga fasinjoji ba adadi. Da ɗan Adam ne babban mai yaɗa ƙwayar, da rassan sun daɗe da cakuɗewa. Ba su cakuɗe ba, domin kogin da mota ke haurawa cikin minti biyu katanga ce ga ɓera.

Wannan ya mai da mu cikin gida. Da rani, bayan girbi da ƙonar daji, ɓera kan baro gona ya tare a rumbu da madafi. Buhun masara da ba a ɗaure bakinsa ba, garin rogon da aka shanya a gefen titi, tuwon da ya kwana ba murfi, nan fitsarinsa da kashinsa ke haɗuwa da abincinmu. Shi ya sa cutar ke tashi tsakanin Disamba da Maris.

Iyakokin binciken

Dole in amince cewa mafi yawan samfuran daga asibitin Irrua na jihar Edo suka fito, na arewa kaɗan ne, don haka hoton reshe na uku bai cika ba. Haka kuma yaɗuwa a asibiti gaskiya ce: a Jos a 1970 cutar ta kashe Dakta Jeanette Troup bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa. Sai dai irin wannan sarƙa gajeriya ce, ba ta sauya taswirar ba. Aikin da ya rage shi ne a kama ɓeraye a ƙauyukan Bauci da Taraba, a karanta ƙwayoyinsu tare da na majinyatan garuruwan.